Yaro da Ƙuri'a: Ya Yi Wuri Ne?

Akwai malaman lakwal da ba su naɗa shugaban aji da bakinsu. Sai su ce yara su zaɓa. Yaron da ke son tsayawa zai rubuta layi uku cikin kayensa, ya faɗi abin da zai yi wa aji. Sa'an nan ya miƙe gaban 'yan'uwansa ya karanta. Su yi masa tambaya, ya ba da amsa. Bayan haka kowa ya rubuta suna ɗaya a guntuwar takarda, ya naɗe, ya jefa cikin ƙwarya. A zube takardun, a ƙidaya da ƙarfi, ana jan layi bisa allo kowa yana gani.

Iyaye da yawa ba su son wannan abu, kuma kada mu raina maganarsu. Sun ga yadda siyasa ta raba wa da ƙane, ta hana maƙwabta zuwa sunan juna. Suna cewa sun kai yaro ya koyi karatu da lissafi, ba jayayya ba. Wasu suna tsoron yaron da ya saba tambayar shugaba, gobe ubansa zai tsare da tambaya. Wasu kuma suna zargin mushe zai cusa wa yara ra'ayinsa na siyasa. Waɗannan na ƙarshe suna da hujja. Malamin da ya nuna wa yara wane ne mutumin kirki cikin 'yan siyasa, ya bar aikin da aka ba shi, kuma daidai ne iyaye su tsawata masa.

Amma duba garinku. Idan mai gari ya rasu, magidanta ke zaɓen magajinsa. Kwamitin kula da lakwal, iyaye ke zaɓensa. Haka kwamitin rijiya da ƙungiyar manoma. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jihar Maradi a 1991, su ke zaɓen shugabarsu da mai riƙe musu asusu. Zaɓe yana cikin gari, ko mun koya wa yaro ko ba mu koya masa ba. In ba a koya masa cikin aji ba, zai koya a tasha da kasuwa, wurin masu cewa ƙuri'a haja ce, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka.

Na ƙasa ma ya daɗe tare da mu. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka tambayi kakanninmu: a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a rabu nan take? Jibo Bakari ya ce a'a, mafi yawan ƙuri'u suka ce i. A 1993 aka zaɓi Mahaman Usman cikin takarar jam'iyyu da yawa. A Disamba 2020, mutum 30 suka tsaya neman shugabancin ƙasa. Ka tuna wahalar wanda bai iya karatu ba a gaban mutum 30, ba shi da abin dogara sai hoto da abin da aka raɗa masa. A 2023 sojoji suka karɓi mulki, kamar yadda ya faru a 1974, 1996, 1999 da 2010. Wani zai ce to ina amfanin koya wa yaro abin da ke zuwa yana tafiya? Yaro mai shekara 7 a yau, cikin shekara 11 zai cika 18. Ba mu san abin da za a tambaye shi a lokacin ba. Amma ba wanda ke wayar gari ya iske ya iya auna magana, in bai taɓa gwadawa ba.

Me ya sa sai da rubutu? Kai da ka koyi karatu da girmanka, ka fi kowa sani. Magana iska ce, rubutu yana zama. Yaron da ya rubuta cewa zai raba sharar aji da adalci, aka liƙa takardarsa a bango, bayan wata guda 'yan'uwansa za su iya karanta masa ita. Rubutu kuma yana rufa asiri. Ka ce wa yara su ɗaga hannu, za ka ga kowa yana satar kallon ƙaton aji, ko ɗan mai gari, kafin ya ɗaga. Da takarda naɗaɗɗiya, ƙaramar yarinya da ke can baya ƙuri'arta ɗaya, ƙaton ma ɗaya. Magana kuwa, gara a bar yaro ya yi ta da harshen da yake tunani da shi. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa. Yaron da aka tilasta wa yin jawabi da Faransancin da bai riƙe ba, haddacewa zai yi, ba faɗin ra'ayinsa ba.

Yanzu ga wurin da ke da wuya. Ka ɗauka akwai yarinya mai hankali da ƙoƙari, malami yana so ta ci. Sai wani yaro ya raba ƙuli-ƙuli lokacin hutu, ya cinye zaɓe. Me malami zai yi? Abu mai sauƙi shi ne ya ce: "Ba ku zaɓa daidai ba, ga wadda na naɗa." Niyyarsa mai kyau ce, kuma watakila ajin zai fi tsabta. Amma yara sun gani. Sun rubuta, sun jefa, sun ƙidaya, sai babba ya share da hannu ɗaya. Abin da za su riƙe shi ne zaɓe wasa ne, mai ƙarfi ke yanke hukunci. Wannan darasi ya fi rashin darasi muni. A ganina, in ba a kafa dokar hana rabon abu tun farko ba, a bar mai ƙuli-ƙuli ya yi wata gudansa. Ƙuli-ƙuli zai ƙare a rana ɗaya, shara za ta taru, takardar alkawari tana nan a bango. Ranar sabon zaɓe, malami ya sa kowa ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan su da kansu su kafa dokar. Asarar wata guda ce a aji. Manya kan biya irin wannan kuskure da shekara biyar.

Sai kuma wanda ya faɗi. Yaro zai yi kuka, wani ya ce an cuce shi. Kada a yi masa dariya, kada kuma a ba shi muƙamin ƙarya don ya yi shiru. A sake ƙidayar a gabansa, ya taɓa takardun da hannunsa. A sa shi ya gaida wanda ya ci. A gaya wa wanda ya ci cewa waɗanda suka ƙi shi ma 'yan ajinsa ne, ba zai tura musu shara su kaɗai ba.

Akwai abin da ƙuri'a ba ta yankewa, wannan ma yaro ya ji shi da wuri. Ko aji duka ya ce biyu da biyu biyar ne, huɗu ne. Ko yara 40 sun yarda a hana gurgu ko ɗan baƙo zama a benci, ba su da wannan iko. A nan malami zai tsaya ya ce a'a, ya kuma faɗa musu dalili.