Abin Lura Daga Annobar Awaki da Tumaki

Duk mai kiwo ya san yadda abin yake farawa. Akuya ta ƙi cin dusa, ta koma gefe ta sunkuyar da kai, jiki ya yi zafi. Kafin a ankara majina ta toshe hanci, ido ya cika da kwantsa, baki ya yi gyambo, sai zawo da tari su biyo baya. Wannan ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira PPR, dangin bushiyar shanu da ƙyandar yara. A Kwaddibuwa aka fara gano ta a 1942, yanzu kuwa ta shiga ƙasashe fiye da 70. Ba ta kama mutum, amma idan ta faɗa wa garken da bai taɓa samun rigakafi ba, tana iya kashe tara cikin goma.

Ƙwayar cutar ba ta daɗewa a waje, rana da zafi na kashe ta. Sai dabba ta shaƙi numfashin 'yar'uwarta, ko sun sa baki a kwami ɗaya, sannan take ƙetarawa. To yaya aka yi take tashi daga wannan gari ta sauka wancan? Mu ne muke kai ta.

Mutum ya ga akuyarsa ta fara mura, maimakon ya ware ta, sai ya goge mata hanci ya nufi kasuwa, wai kada ya yi asara. Sauran na turken ma ya haɗa da su, alhali cutar kan yi kwana 4 zuwa 6 a jiki ba ta nuna alama ba. Dillali ya karɓa, a ɗaure su cikin ɗaruruwa, yamma ta yi a loda a mota. Kasuwanni irin na Maigatari da Illela da Mai'aduwa suna haɗa dabbobin Nijar da na Najeriya, balle gab da babbar salla. Wata baiwar Allah ta fasa adashinta ta sayi akuyar da araha, ta kai gida ta sake ta cikin nata. Bayan mako biyu, abin da ta tara don kayan ɗakin 'yarta ya zama mushe. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Wanda ya sayar bai tsira daga asara ba, ya ɗora ta ne a kan wanda ya fi shi rauni. Addini ya hana ɓoye aibin haja, kuma akwai hadisi ingantacce da ya hana mai dabbobi marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya. Haka cin amana yake a kowace sana'a: ribarsa ta yini ɗaya ce, ɓarnarsa kuwa ta shafi gari, wata rana ma ta dawo turken mai shi, tunda awakin unguwa tare suke fita kiwo.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa rigakafin yana nan. Daga ƙwayar da aka samo a jikin akuya a Najeriya a 1975 aka haɗa allurar da ƙasashe da dama ke amfani da ita, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ma tana yin ta. Allura ɗaya na kare dabba shekara uku ko fiye. Da haɗin kai wajen yin rigakafi aka ga bayan bushiya a duniya a 2011, kuma a taron Abijan na 2015 ƙasashe suka sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da wannan annoba ta awaki da tumaki.

Don haka, ɗan'uwa mai kiwo, idan ka sayo dabba ka ɗaure ta daban har mako uku. Wadda ta kamu ka ware ta, ka kira malamin dabbobi, ka kuma sanar da maƙwabta. Idan masu allura sun zo, ka fito da naka duka. Kada ka kai wa ɗan'uwanka abin da ba ka so a kawo maka.