Ajiyar Hatsi da Ɓoye Shi a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Noman Tasawa da Mayahi, a jihar Maraɗi, noman damina ɗaya ne. Ana girbe gero, dawa da wake wajen watan Oktoba, a ɗaure dammuna a zuba rumbu, sannan gida ya ci daga nan har wata kaka. Saboda haka ajiya a wannan ƙasa dole ce, tambayar da malamai suka daɗe suna dubawa ita ce inda ajiya take komawa zalunci.

Tsadar hatsi tana bin watanni. Da kaka tiya takan yi arha, don manomi na neman kuɗin biyan bashi, sutura da aurar da 'ya'ya. A zamanin Faransawa haraji ne ke tura shi kasuwa, gyaɗa kuma ke fid da shi, ta ci gaba da haka bayan tafiyarsu har farin 1973 da 1974 ya karya nomanta. Tun daga nan nauyin ya fi komawa kan gero da wake. 'Yan kasuwa sukan saya da kaka, wani hatsin ya tsallaka Najeriya zuwa Jibiya ko Dawanau ta Kano, wani ya kwanta a sito. A watan Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa ga aikin noma ya yi tsanani, sai manomin ya dawo yana sayen abin da ya sayar, da tsada.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake bi a yankin, bai hana ajiya ba. Wanda ya adana abin gonarsa bai yi laifi ba, haka ɗan kasuwar da ya saya lokacin yalwa. Malamai kan kafa hujja da tanadin Annabi Yusuf a Masar. Abin hanin shi ne kwashe abinci daga kasuwa ta yadda zai cutar da jama'a, kuma idan yunwa ta matsa, hukuma na da ikon tilasta a fito da shi a sayar.

Wahalar ita ce buhu ba ya nuna niyyar mai shi. A 2005, bayan fari da fara na 2004, akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, kuɗin sayensa ne talaka ya rasa. Bankunan cimaka na ƙauyuka da sayarwar rahusa ta OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, sun taso ne don irin wannan giɓi: su ma ajiya suke yi da kaka, sai dai suna buɗe sito a daidai watannin da mai ɓoyo yake jiran farashi ya ƙara hawa.