Sunan Yaro a Mujallar Makaranta: Riya ko Amana?

Daga cikin al'adun da makarantun sakandare na Ikko suka gada tun zamanin Turawa akwai fitar da mujalla, wadda a cikinta ake tara insha'in ɗalibai da waƙoƙinsu, da labarin wasanni da na jarrabawa, da hotunan waɗanda suka gama. King's College, wadda aka buɗe a 1909, ta daɗe da tata mai suna The Mermaid, kuma ga shi yau makarantun da 'ya'yanmu suke zuwa a Agege da kewayen Idumota su ma sun kama hanyar, suna buga tasu, suna gayyatar iyaye bikin ƙaddamarwa. To, akwai daga cikin dattawanmu, musamman waɗanda suka yi zurfi a karatun zaure, waɗanda abin bai kwanta musu a rai ba, kuma hujjarsu ba abar rainawa ba ce. Suna cewa yaron da bai ƙare Ahalari ba, balle Ishmawi, idan aka buga sunansa da manyan baƙaƙe, aka karanta a bainar jama'a aka tafa masa, an riga an dasa masa son a sani tun kafin ya ji mene ne ikhlasi, kuma ilmin da aka fara nema don a ce wane, da ƙyar ya yi albarka.

Lalle duk wanda ya san abin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama har da wanda ya nemi ilmi ya koyar don a ce da shi malami, ba zai yi gaggawar yi wa wannan tsoro dariya ba. Imamu Gazali, wanda ya keɓe babi guda a cikin littafinsa Ihya'u domin zargin riya da son matsayi, shi kansa sa'ad da ya binciki niyyarsa yana kan kujerar karantarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ya tarar da neman suna ya cakuɗu da ita, sai ya bar kujerar da birnin duka a shekarar 1095. Idan zuciyar irin wannan bawan Allah ba ta tsira ba, ina ga ta ɗan shekara goma sha biyar?

Amma a ganina dattawan sun gane cutar, sun kuskure wurin da take kwance. Domin sanya suna a kan rubutu, a wajen malaman Musulunci, tun asali ɗaukar alhaki ne: addinin da ya tsayu a kan isnadi, wanda ba a karɓar magana a cikinsa sai an san wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi, ba zai yiwu ya ƙyamaci mawallafi don ya bayyana kansa ba. Shehu Usmanu yakan ambaci sunansa a farkon talifinsa; ƙanensa Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi musamman domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu; Nana Asma'u kuwa takan rufe waƙoƙinta da ramzin shekarar da ta yi su. Ba wanda ya ce waɗannan neman tafi suke yi. Abin da suke nufi shi ne, in an sami kuskure a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, in kuma an sami amfani a san wanda za a yi wa addu'a. An kuma naƙalto daga Fulailu ɗan Iyali cewa barin aikin alheri saboda tsoron idon mutane shi ma wani reshe ne na riya, kuma wannan magana ta isa ta hana mu rufe bakin yaro da sunan tsare masa zuciya.

Tarihin Musulmin wannan gari ma ya nuna inda ja da baya yake kai mutane. Shekaru da yawa iyaye suna ƙin kai 'ya'yansu makarantun mishan, har gwamnati ta buɗe makarantar Musulmi a 1896, daga baya jama'ar Ansar-ud-Deen ta kafu a 1923 domin a haɗa boko da addini. Kuma ɗaliban sakandare ne, yara ƙanana, suka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi a nan Ikko a 1954. Shehu Adamu na Ilori, da ya kafa makarantarsa ta Markaz a Abeokuta a 1952 sa'an nan ya dawo da ita Agege, ya shigar da aji da jarrabawa da takardar shahada cikin karatun Larabci, ita kuwa shahada ba kome ba ce sai suna a kan takarda. Mu Hausawa kada mu manta Abubakar Imam yana matashin malami a Midil ta Katsina ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 da Ruwan Bagaja; da an ce masa ya ɓoye alƙalaminsa sai ya yi furfura, da wa zai ba mu Magana Jari Ce?

Inda nake jin tsoro a wani wurin ne dabam, kuma manya ne suke tsaye a kansa. Sau da yawa malamin da aka ɗora wa aikin mujalla, saboda yana son makaranta ta fita kunya a idon baƙi, yakan karɓi rubutun yaro ya sassaƙe shi ya sake ginawa, har ya zama in ban da sunan ba abin da ya rage na yaron. Wani yaron kuma, da ya ga abin da ake yabo, sai ya kwaso daga intanet ya miƙa, aka buga, aka tafa. Wannan shi ne abin da hadisi ya siffanta da sanya tufafin ƙarya, wato mutum ya yi ado da abin da ba a ba shi ba, kuma a nan makaranta ce da hannunta ta ɗinka ta sanya masa. Gyaran ƙa'idar rubutu da nahawu haƙƙin malami ne, kamar yadda malamin allo yake gyara wasali ba tare da ya karɓe alƙalamin ba. Amma tunani da labari amanar yaro ce.

Sakamakon wannan sassaƙa kuwa shi ne mujallun sukan fito duk kamarsu ɗaya, cike da yabon shugaban makaranta da nasihar a yi biyayya, alhali zaman makarantar na haƙiƙa bai shiga ko shafi guda ba. Yaron da yake magana da Hausa a gida, da Yarabanci a kan titi, da Turanci a aji, da Larabci a Islamiyya bayan la'asar. Wanda yake taya mahaifinsa buɗe rumfa kafin ya kama danfo. Wanda amininsa na benci Ibo ne, suna raba abincin tara alhali iyayensu ba su taɓa gaisawa ba. Wanda aka doka a kan laifin da bai yi ba ya haɗiye: wannan yaron yana da shaidar da ba wani babba da zai iya bayarwa a madadinsa, kuma ɓoye shaida abu ne da Alƙur'ani ya hana.

Sai kuma ranar bikin kanta, inda babban mai ƙaddamarwa zai tashi a ambaci kuɗin da ya sayi kofi guda, a bi sauran manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da lasifika, har lokaci ya ƙure ba a kira yaro ko ɗaya ya karanta abin da ya rubuta ba. Ban ce bayyana sadaka haramun ne ba, gama ayar Suratul Baƙara ta yarda da shi, ko da yake ta fifita ɓoyewa, kuma maɗaba'a ba ta karɓar addu'a a maimakon kuɗi. Sai dai da dattawan nan namu za su je wurin shugabannin makarantu, da na so su roƙi a karɓi gudummawar a ofis a rubuta rasit, a ba yaran lasifikar, kowa ya karanta nasa da bakinsa a gaban malamin da ya san hannunsa, sa'an nan a bar iyaye su yi masa tambaya a kan abin da ya ce shi ya rubuta.