Nauyin Da Ke Sa Barci

Mun san nauyi da gajiyarwa. Sai ga shi a Amurka wasu tsofaffin sojojin da suka dawo daga Iraki da Afganistan suna neman barci a ƙarƙashin bargo mai kilo 6 ko 7. Ana ɗinka shi gida-gida, a cika kowane gida da ƙananan ƙwallayen gilashi, kuma akan zaɓi wanda ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin mai rufa.

Sojan da ya bar fagen daga, sau da yawa jikinsa bai yarda an gama yaƙi ba. A buga ƙofa, ya zabura. Ciwon baya ya hana shi juyi, rashin barcin kuma ya ƙara wa ciwon zafi da safe. An daɗe ana ɗura wa irin waɗannan sojoji ƙwayoyin kashe raɗaɗi masu sa kamu, har ta kai ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙaddamar da shirin rage su a 2013.

Abin lura shi ne yadda jiki ke lafawa idan an riƙe shi. Uwar da ta ɗaure jariri tam da majanyi ta ga kukan ya koma ajiyar zuciya, kai ya langaɓe, ta san wannan tun kafin likitoci su auna. Sun kuwa auna. A 2020 masu bincike a Karolinska da ke Suwidin sun wallafa gwajin bargo mai nauyi da suka yi da majinyata 120 masu damuwa da rashin barci. Cikin mako huɗu, kusan kashi 60 cikin 100 na masu bargo mai nauyi matsalar barcinsu ta ragu da rabi ko fiye. A San Diyego ta Amurka ma, cikin mutum 94 masu daɗaɗɗen ciwo, bargo mafi nauyi ya fi taimakon waɗanda fargaba ta fi yi wa yawa. Ba kan sojoji aka yi gwaje-gwajen ba, amma fargaba da ciwo su ne ainihin kayan da soja ke kwana da su.

A ganina abu mara sa maye ya cancanci a gwada shi da wuri, tare da likita, ba sai an ƙosa da ƙwaya ba. Sai dai a kiyaye: mai asma ko wanda numfashi ke ɗauke masa cikin barci ya fara tambayar likita. Kada kuma a bar ƙananan yara da shi. A 2022 yara mata biyu sun rasu a barikin sojojin Amurka na Lejeune bayan sun maƙale cikin rigar irin wannan bargo.