Iyakar Kasuwa da Nauyin Alkawari

Daidai ne wanda ya ba mutum jari ya gindaya masa inda zai sayar da kayansa? A ƙasashe da yawa, kamfanin da ya ara wa ɗan kasuwa sunansa yakan yanka masa yankin ciniki, ya hana shi talla a bayan wannan iyaka. Manoman auduga na arewacin Kamaru sun san irin wannan sharaɗi tun tuni.

A shekara ta 1974 aka kafa kamfanin Sodecoton, mazauninsa kuwa yana Garwa, a bakin kogin Binuwai. Da faɗuwar damina yakan ba manomi iri, da takin zamani, da maganin ƙwari, bashi. Ana sanar da farashi tun kafin a tsinke auduga. Sharaɗin shi ne, manomi ba zai kai audugarsa ko'ina ba sai ma'aunin kamfanin, inda za a cire bashin a ba shi saura. Manoma kuma sukan shiga ƙananan ƙungiyoyi suna tsaya wa juna: wanda ya kāsa biya, 'yan ƙungiyarsa ne za su cika.

Gwaji mai tsanani ya zo a kakar 2010 zuwa 2011. Farashin auduga ya hau ƙwarai a kasuwar duniya, har a watan Maris na 2011 laba ɗaya ta wuce dala 2 ta Amurka. Fatake daga Nijeriya suka zo da kuɗi a hannu, suna biyan abin da ya fi na kamfani nesa. Auduga mai yawa ta ƙetare iyaka.

Mai tsallakewa yana da hujjarsa. Gonar tasa ce, gumin nasa ne, ga kuɗin makarantar yara, ga magani. Don me wani zai hana shi riba?

Amma sai a tambaya: takin wa ya nuna audugar? Bafataken da ya zo da kaka bai ba da ko mudu ɗaya na iri da damina ba, ba zai kuma dawo ba a shekarar da farashi ya faɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da ya fi nauyi kuma shi ne, bashin da mutumin ya guje wa bai ɓace ba. Ya sauka a kan maƙwabcinsa da ya cika alkawari, wataƙila ma gwauruwa mai 'yar gona ɗaya. Ribar da ya samu a hayin iyaka, daga aljihun ɗan'uwansa ta fito.

Duk da haka alkawari igiya ce mai baki biyu. Wanda ya rufe wa mutum sauran kasuwanni ya ɗauki nauyin zama masa kasuwa ta gaskiya: ma'auni daidai, biya kan kari, da rabo daga ribar shekarar albarka. Gama ikon da ba shi da abokin gasa yana bukatar adalci fiye da kowane.

Ashe iyaka takan zama daidai sa'ad da ɓangarorin biyu suka san ta tun farko, suka kuma raba daɗi da wuya. Manomin da ya ga farashi bai yi masa ba yana da hanya: ya biya bashinsa, ya kai kukansa ta ƙungiyar manoma, in ya ga dama badi ya shuka masara. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya bar wa maƙwabci kayan da shi ya ɗaura.