Laifin Wa, Mai Wucewa Ko Mai Kama Shi?

A ce kana tafe a mota da dare a kan hanyar Kano zuwa Zariya, sai ka tarar da mutum kwance a bakin titi jina-jina, 'yan fashi sun harbe shi. Shin za ka ɗauke shi zuwa asibiti, ko kuwa za ka kau da kai ka wuce? Na yi wa abokan ɗakinmu wannan tambaya, kusan duk suka ce wucewa za su yi. Ba kuwa marasa imani ba ne, don na san halinsu. Hujjarsu ɗaya ce, watau wanda ya kai mai rauni shi 'yan sanda za su fara riƙewa. A rubuta jawabinsa, a ce ya dawo gobe, wataƙila ma ya kwana a caji ofis, sa'an nan belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne ya saye shi da kuɗinsa.

Abin mamaki, doka tana bayan mai taimako. Tun shekarar 2017 aka yi dokar da ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani. Amma fa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Talaka ba ya karanta doka, abin da ya sami maƙwabcinsa shi yake karantawa.

To, mai wucewa ya kuɓuta ke nan? A ganina bai kuɓuta ba, domin wahalar kwana guda a bayan kanta ba ta kai rai ba, kuma wanda ke kwance bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai dai kason mai wucewa a wannan alhaki ƙarami ne. Babban kaso yana kan duk ma'aikacin da ya taɓa tsare mai taimako don ya tatse shi, saboda a ranar ya koya wa unguwa guda cewa alheri yana jawo tara. Gawar da za a tsinta a titi bayan shekara biyar, da hannunsa a ciki, ko da an yi masa canjin wurin aiki tuntuni.

Da abokan nan suka juyo mini da tambayar, na ce zan tsaya, amma sai na tsai da wata motar tukuna don in sami shaidu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, kafin wata mota ta yarda ta tsaya a wannan hanya da dare, ai mutumin ya cika.