Daga Ɗakin Ƙasa Waƙa Ke Tashi: Kira ga Masu Haɗa Kiɗa na Kurni

Sannunku, samarin da ke raba dare gaban tsohuwar kwamfuta, kunne cikin hedifon, ido kan batir. Sannunku, masu shagon caji da tura waƙa, waɗanda suka daɗe suna zuba waƙoƙin wasu a salular jama'a har suka ce to, yau tamu za mu buga. Sannunku, 'yan amshi maza da mata, masu maimaita baiti ɗaya har maƙogwaro ya bushe don dai ya fita tas. Sana'a kuke yi, sana'a mai neman kunne da haƙuri da lissafi, kuma kun isa ku ɗaga kai da ita a ko'ina cikin gundumar Kance.

Wahala kam akwai ta. Wuta ta zo ta tafi, rana ta faɗi faifan sola ya yi barci, ƙurar hunturu ta cika fankar kwamfuta, zafin Afrilu da Mayu ya sa inji ya tsaya ana tsakar aiki. Kayan aiki kuwa sai an je Damagaram, ko an tsallaka Daura a wuce Kano, ga canjin sefa da naira. Ga kuma masu cewa zaman banza ne. To amma wa ya taɓa fara wannan sana'a da cikakken kaya? Wa ya jira komai ya daidaita kafin ya ɗora murya?

Ku dubi Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. Garayar zamani ta farko da ya riƙe, jita ke nan, da hannunsa ya ƙera ta, da wayar birkin keke. A shekarar 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a irin situdiyon da ake buga waƙoƙin fina-finan Hausa, da kiɗan inji da murya mai ototun. Ba kamfani, ba talla. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka riƙa tafiya ta bulutut da katin memori, har suka ƙetare iyaka suka shiga Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga ciki, ya sa ta a tarin waƙoƙin salular Sahara da ya fitar a 2011. Bayan shekara goma, a 2021, kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar masa da kundi, yana zagaya Turai da Amurka da wasa. Ƙaramin situdiyo ne mafarin wannan tafiya, kuma salular talaka ce ta ɗauke ta. Wannan salular tana aljihunku yanzu haka!

Kafin shi ma an yi Mamman Sani, malami, wanda ya ɗauki kiɗan ogansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, mutanen Nijar suka yi shekaru suna jin sautinsa tsakanin shirye-shirye, sannan aka sake fitar da aikin ga duniya a 2013. An yi Hama, direba a Yamai, wanda ke tashi daga tuƙi ya zauna kan fiyano da FruityLoops, har kundinsa Houmeissa ya fito a 2019. A Kano kuwa, fiyanon Yamaha ƙirar PSR ne ya haifi kiɗan nanaye a ƙarshen shekarun 1990, sautin da ya cika fim ɗin Sangaya, ya cika gidajen biki daga Kano har Agadas. Direba, malami, ɗan ƙauye: duk da abin da ke hannunsu suka fara. Ku ma ku fara.

Manhajar da kuke buɗewa ita ce dai ake buɗewa a Legas da Paris. FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fara fitarwa da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, ba ta da wani bugu na musamman da aka ɓoye wa mutanen karkara. Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus, wadda ke nan tun 1989, haka take. Wanda bai da kuɗin saye, ga Audacity kyauta tun shekarar 2000, ga BandLab da ke aiki a salula. Ni dai shawarata, mai ƙaramar kwamfuta ya riƙe manhaja ɗaya ya san ta ciki da bai, ya fi ya tara goma na sata masu ɗauke da cutar da za ta cinye masa aikin wata guda. Kaya ɗaya ne a hannun kowa. Kunne ne ke raba gwani da ɗan koyo, kunne kuwa ba a sayo shi a kanti. Horar da shi ake yi, kuma kuna iya horar da naku.

Ku fara da ɗaki. Mutane da yawa suna raina ɗakin ƙasa, alhali bangon laka mai kauri yana tare hayaniyar waje, kuma bai cika mayar da murya da ƙarfi kamar siminti mai santsi da rufin kwano ba. Ku jingina katifa bayan mawaƙi, ku rataya bargo, ku shimfiɗa tabarma da darduma. Ku tafa hannu sau ɗaya ku saurara: in kun ji tafin yana ƙara yana dawowa, ku ƙara tufafi. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai, bargo ya fi shi aiki nesa ba kusa ba. Ku kashe fanka, ku kai janareta can nesa, ku zaɓi lokacin da gari ya yi tsit, bayan isha ko bayan asuba kafin injin niƙa ya tashi. Tsakanin baki da makirfo a bar kamar taƙi ɗaya, a sa siririn ƙyalle a zoben waya a tsakani don iskar “fa” da “ba” kada ta bugi makirfo. Sannan ku tsare ma'aunin ƙarfin sauti kada ya taɓa ja. Muryar da ta fashe wajen ɗauka ta fashe ke nan, babu manhajar da za ta ɗinke ta. Ku bar mata sarari, ƙololuwarta ta tsaya wajen desibel 6 zuwa 10 ƙasa da sifili, kun ga kun kama rabin aiki tun kafin a taɓa miksin.

Miksin kuwa, ku da kuka tashi kusa da lambunan Matamaye kun riga kun san sirrinsa. Mai lambu ba ya sakin ruwa gaba ɗaya ya malale gona. Fangali-fangali yake bi, kowane ya sha daidai rabonsa. Haka sauti yake. Kunnen ɗan Adam yana ji daga wajen hez 20 zuwa 20,000, kuma kowane kayan kiɗa yana da gurbinsa a ciki. Murya ba ta da abin yi a ƙasa da hez 80, ku yanke mata wannan gurnani ku bar wa ganga da bes. In waƙa ta yi dumu-dumu kamar ana rera ta cikin randa, ku leƙa tsakanin 200 da 400, ku rage kaɗan. In kalmomi ba sa fita, gurbinsu yana wajen 2,000 zuwa 5,000. Ku rage wa fiyano a nan, murya za ta fito da kanta. Ragewa ta fi ƙarawa amfani, ku riƙe wannan. Kwamfiresa aikinta ta sassauta inda mawaƙi ya yi ihu don a ji inda ya yi ƙasa da murya, kada a matse shi har ya rasa numfashi. Amsa-kuwwa kuma ɗan kaɗan ya isa. Waƙar Hausa magana ce, mai saurare yana son ya ji kowace kalma, ya ji sunan amarya, ya ji kirarin ango. Ku fito masa da kalma!

Sai tambayar da ta fi kowace: wa zai ji waƙar, kuma a ina? Mai saurarenku ba ya zaune a ɗaki mai manyan lasifikoki. Yana kan babur, yana bakin rijiya, tana tsakar gida tana tankaɗe, salula a gefe. Ƙaramar lasifikar salula ba ta iya fitar da bes mai zurfi, saboda haka duk nauyin da kuka jibga can ƙasa ɓacewa zai yi, ya bar waƙa fayau. Ku gwada aikinku a 'yar ƙaramar salula mai maɓalli, ku gwada a rediyo mai cin memori, ku gwada a lasifikar biki. Ku haɗe dama da hagu su zama ɗaya ku ji ko wani abu ya ɓace. Ku rage ƙara sosai: in har yanzu ana jin murya da bugun kiɗa, aiki ya zauna. Kunne kuma yana gajiya, in ya gaji ƙarya yake yi. Ku tashi ku sha iska, gobe da safe ku sake ji. A nan kun fi injiniyan birni sanin kasuwa, don da ku da mai saurare rumfa ɗaya kuke zama.

Ototun ma a yi maganarsa, tunda ya zama gishirin waƙar zamani. Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin amon ƙasa wajen neman man fetur, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Antares ya fitar a 1997. Kaya ne mai kyau, kuma mawaƙan Kano sun mayar da shi nasu. Sai dai ku tabbatar kun saita shi kan makullin da kiɗan yake, in ba haka ba zai riƙa fizgar murya zuwa inda ba ta nufa ba. Kuma Hausa harshe ne mai hawa da sauka. In an ƙure ototun yana iya danne karin da ke rarrabe kalma da kalma. Ku sa mawaƙi ya sake, ya sake, ya ƙara sakewa har ya kama da kansa, inji ya zo ya share ɗan abin da ya rage.

Yanzu ga dukiyar da nake so ku buɗe ido ku gani. Manhajojin nan sun zo da gangunan Amurka da fiyanon Turai jibge, kowa a duniya yana da su. Wa ke da kalangun makaɗin unguwarku? Wa ke da gurmi, da duma, da shantun mata, da ƙwaryar da ake kifawa kan ruwa? Wa ke da algaita da kakakin fada irin na ƙasar Damagaram, ƙasar da ta yi Mu'azu Ɗan Alalo? Wa ke da luguden 'yan mata, da gangar noma ranar gayya? Ku ne. Ku je wurin dattijon makaɗi da ladabi, ku gaishe shi, ku ce, “Baba, so muke mu adana hannunka.” Ku biya shi haƙƙinsa, ku ambaci sunansa a aikin. Ku ɗauki bugu ɗaya-ɗaya, da kuma zagaye cikakke, domin kalangu magana yake, hammatar mai shi ce ke matsa tsirkiya sauti ya hau ya sauka, abin da maɓallin fiyano ba ya iyawa. Ku jera su a kwamfuta da suna da kwanan wata. Ranar da kuka ɗora wannan kalangu kan kiɗan zamani, mai saurare a Maraɗi ko Zariya zai tsaya ya tambaya: wannan daga ina? Ku ba shi amsa da ƙarfi: daga Kurni!

Sana'a kuma sai da tsari. Ku yanka farashi tun farko, ku karɓi kafin alƙalami, ku faɗi ranar da aiki zai fito ku cika. Ku adana asalin aiki a WAV, ku ba mai shi MP3, in za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil don kada a matse sautin. Kowane aiki ya kwana a wuri biyu, kwamfuta da wani memori dabam. Wanda waƙarsa ta fara yawo ya nemi hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, ya yi rajista. Ku jawo ƙanne ku koya musu naɗe waya da saita makirfo, ku buɗe wa 'yan mata masu murya ƙofa cikin mutunci, da sanin iyayensu.

Kaka na tafe, rumbuna za su cika, bukukuwa za su kankama. Amare za su so waƙa da sunansu, masu begen Annabi za su so a ɗauki ƙasidunsu, 'yan kasuwa za su so talla, rediyon karkara za ta so sanarwar rigakafi da ta makaranta. Kuɗin wannan aiki ya daɗe yana tafiya Damagaram da Kano. Ku kakkaɓe ƙurar kwamfuta tun yanzu, ku cika batir, ku rataya bargo, ku aika a kira mai kalangu. Bana a Kurni za a buga!